A Goge Direba

Har yau ba na cin abin da matar yayana ta girka. Mutane sun yi magana sun gaji, fasto ya zaunar da mu, matan zumunta sun zo har gida da littafin waƙoƙi a hannu. Na saurare su, na ba su ruwa, na raka su bakin ƙofa. Gaisuwa dai muna yi, don ba zan ba 'yan unguwa abin faɗa ba, amma cokalina bai sake shiga tukunyarta ba. Duk wanda ya ji cewa a kan kwamfuta ne sai ya yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Babanmu direban jirgin ƙasa ne. Ya bar aiki tun ina makarantar firamare, jiragen ma suka yi ta raguwa har ciyawa ta rufe dogo, amma sunan aikin bai bar shi ba. Duk Kafanchan Direba ake ce masa, daga masu nama a kasuwa har dattawan coci. Mama kuwa, da yake ba ta kiran sunan mijinta, sai abin ya zo mata daidai. Tun muna yara abin da muke ji ke nan: Direba ya dawo? Ku rage wa Direba miya. Kar ku taɓa rediyon Direba. Bayan ya rasu ma ba ta canza ba, sai dai ta ce tun da Direba ya tafi.

A Kirsimetinsa na ƙarshe na ɗauke shi bidiyo da wayata. Ba wani shiri na yi ba. Yana zaune ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ya ci ya ƙoshi, bakinsa ya buɗe, sai na ɗaga waya. Ya yi ta ba da labarin yadda ake hawa tudu da jirgi mai nauyi lokacin damina, rabi da yarenmu rabi da Hausa, yana kwaikwayon kukan jirgi da bakinsa, yana zagin wani shugabansu da ya mutu tun ba a haife ni ba. A tsakiyar labarin ya juya wajen kicin ya ɗaga murya, "Ke, ina ruwan nan?" Daga nesa sai a ji Mama ta amsa, "Ina zuwa." Bidiyon ya yi tsawo har ya cika mini waya, shi ya sa yayana ya kwashe shi ya zuba a kwamfutarsa. Ba a daɗe ba wayar ta zame daga ƙirjina ta faɗa rijiya ina jan ruwa. Daga ranar, muryar Baba ba ta da wani gida a duniya sai cikin kwamfutar nan.

Ita kuwa kwamfutar, bari in faɗi gaskiyarta. Yayana ya sayo ta a hannu a Kaduna, ya ce ta aiki ce. Wane aiki? Irin ta masu wasan gem ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, maɓallanta na kawo jar wuta, cajarta kaɗai ta kai bulo. In ya kunna ta fankar ciki ta ɗauka, sai ka rantse injin markaɗe aka tayar a ɗaki. Namiji da furfura a gemu, ya zauna ya yi ta buga ƙwallo da tseren mota yana ihu shi kaɗai. Da aka mai da shi aiki wani gari mai nisa, ya ce ɗakin da ya kama ba tsaro, sai ya bar ta a gida wajen matarsa da Mama.

Ni ina koyarwa a Fadan Kagoma, ƙarshen mako nake zuwa gida. Bayan rasuwar Baba sai ya zama duk Lahadi in an taso daga sujada, Mama za ta canza zani, ta zauna a kujerarsa, ta ce in kunna mata Direba. Yanar ido ta riga ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo yake gani, don haka ba kallo take yi sosai ba. Kunne take karkatawa. In ya zo wurin da yake cewa "Ke, ina ruwan nan?" sai ta riga na cikin bidiyon amsawa, a hankali, "Ina zuwa." Karo na farko da na ji haka fita na yi na zaga bayan ɗaki na yi kukana. Daga baya na saba, har nakan jira wurin.

Ana cikin haka kwamfutar ta fara iskanci. Bidiyo na tafiya, sai sikirin ya ƙifta kamar mai jin barci, fanka ta ɗaga murya, sai ɗif, baƙi ƙirin. Jar wutar maɓallai na nan, muryar Baba na ci gaba da labari, amma hoto babu. Wani lokaci ya dawo da kansa, da wani ɗan rubutun Turanci a kusurwa da ke ɓacewa kafin in gama karantawa. Wani lokaci kuma ba ya dawowa, muryar ma ta maƙale a kan kalma ɗaya tana rrrr, sai na danne maɓallin kashewa na riƙe kafin ta yi shiru. Na yi duk dabarar da na iya. Na ɗora ta a kan marafan kwalba don iska ta shiga ta ƙasa, na hura ramukan gefe, na cire caja na mayar, na daina kunna ta da janareta sai an kawo wuta. Ta yi kamar ta ji, mako na zagayowa ta koma gidan jiya.

Mama ko a jikinta. "Ki bar shi haka," take cewa. "Ni dama me nake gani? Ina jin shi ai."

Matar yayana ce ba ta iya bari ba. Mace ce mai son a gani a faɗa. In za ta kai kuɗin baiko gaba a coci sai ta tashi a hankali yadda kowa zai ga takalminta. A gaban mutane tana kirana anti da murya mai zaƙi, ni ma in ce mata matarmu, amma ni da ita mun san ba ma ga maciji. Lokacin taron cikar Baba shekara ya matso, ita ta ɗauki abin a kanta: rumfa, kujeru, anko, har ta yi magana da masu majigin coci za a haska bidiyon a bango jama'a su gani. Ta riga ta gaya wa duk matan zumunta. To ga sikirin yana baƙi. Kullum na shigo gida abin da zan fara ji ke nan, "Anti, ke da kika yi karatu, haka za mu ji kunya a gaban baƙi?"

Ni ba kunyar baƙi ce ta dame ni ba. Wannan rrrr ɗin ne ke tsinka mini zuciya, don ina tsoron wata rana in kashe ta ta ƙi tashi, da Baba a ciki. Shi ya sa na ce a kai ta wurin mai gyara. Mama ta ce ba inda Direba zai je ba tare da ita ba. Muka bari sai ranar da za ta asibitin ido, daga can muka biya. Matar yayana ta ce ita ma za ta raka mu, ba wanda ya gayyace ta. Muka matsu a keke napep mu uku, kwamfutar a cinyar Mama.

Shagon yana kusa da tashar jirgi. Mai shi ɗan gari ne, Ibo ne da aikin reluwe ya kawo kakansa, a layin ma'aikata aka haife shi. Ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba, amma mutum ne mai son jin muryar kansa. Hannu na aiki, baki na zuba. Ya ba Mama benci, ya ce, "Mama, ka zauna, yanzu-yanzu za mu ga ciwon shi."

Ya sa na kunna bidiyon. Ba a jima ba sikirin ya yi halinsa. Ya danna wasu maɓallai tare, ta yi ƙara ɗit, hoto ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ya jawo igiya ya haɗa ta da talabijin ɗin da ke rataye a bango, can ma baƙi. "Kin gani, madam? Ba gilashi ba ne. In gilashi ne, da tibi ya nuna." Ya kai tafin hannu wajen da iska ke fita, ya ce akwai zafi, ƙura ta taru, amma ba ita ce babbar matsalar ba. Sai ya kashe ta ya tayar da ita ta wata hanya da ya kira sef mod, inda take tashi tsirara ba tare da kayan ƙawa ba, rubutu manya-manya. Ya bar ta haka muna kallo, ba ta yi baƙi ba. Ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce irin wannan kati biyu gare ta na hoto, ƙarami na aikin yau da kullum da babba na gem, kuma wani ya haɗa ta da intanet ta sabunta kanta ba a sani ba. Na kalli matar yayana, wadda na san tana kallon finafinai a kanta in ba na nan. Ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Daga nan ne ya jingina da kujera, ya harɗe hannu, ya faɗi abin da ya rusa mana gida.

"Madam, sikirin ba shi da laifi, kati ma lafiya lau. Direba ne. Direban da ke ciki shi ne ya lalace, shi ne yana kashe maku hoto. Abin da zan yi, zan cire shi gaba ɗaya, in goge shi tas, ko sawun shi ba zai rage ba. Sai in sa wani wanda ya fi shi hankali."

Na ga Mama ta ɗago kai. "Wa za ka goge?"

"Direba, Mama," ya ce, yana murmushi. "Ai wannan ya riga ya mutu. Ajiye shi ba amfani, wahala kawai zai ta ba ku."

Mutumin da aka haifa a layin reluwe! Mutumin da ya zo jana'izar Baba ya ci shinkafa! Bidiyon ma yanzu ya gama jin muryar cikinsa. Amma bakinsa ya riga hankalinsa, bai ko lura da yadda fuskar tsohuwar ta canza ba. Mama ta miƙe, ba ta nemi sandarta ba, ta lallubo kwamfutar a kan tebur ta fizge ta har igiyar talabijin ta faɗo. Ta rufe ta, ta kwance mayafinta ta naɗe ta kamar jariri.

"Kakanka ma," ta ce masa, "in Direba ya wuce cire hula yake yi. Kai ne za ka goge shi?"

Na riƙe hannunta. Na ce, "Mama, ba Baba yake nufi ba. Wani abu ne a cikin injin, sunansa ke nan da Turanci. Kamar tafinta yake, shi ke gaya wa sikirin abin da zai nuna. Bidiyon Baba daban, wannan daban." Mai gyara ma da ya gane ɓarnar da ya yi ya fara rantse-rantse, yana haɗa Hausa da Turanci, yana ƙara dagula abin. Duk da haka na ga Mama ta ɗan tsaya, ta juyo da kunnenta wajena. Da an bar ni da ita, da na shawo kanta a wurin.

Sai matar yayana ta buɗe baki. "Ni dai na ji da kunnena, Mama. Goge ya ce." Ta juyo gare ni da idon tausayi na ƙarya. "Anti, ai da kin gaya mana tun a gida abin da aka shirya."

Na ji kamar in shaƙe ta. Wallahi da ba a bakin titi muke ba, da ranar an ji mu. Mama ta zare hannunta daga nawa ta kama na surukarta, suka fita. Muna shiga keke mai gyara ya biyo mu da gudu yana cewa, "Madam, ko ba komai ku kawo filash a kwashe bidiyon tukuna!" Maganar da ya kamata ya fara da ita ke nan tun muna shiga, sai da ya gama zuba ya tuna.

A gida Mama ta buɗe akwatin ƙarfen Baba, wanda ke ɗauke da hularsa ta aiki da tsohuwar fitilarsa, ta sa kwamfutar a ciki ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zani. Na bi ta ɗaki na sake bayani. Na kawo misali da rediyo, na kawo da injin ɗinki, na ce ko mota in direbanta ya gaza ai canza shi ake yi ba a taɓa fasinja. Wannan misalin ne ma ya ƙara ɓata abin, don ta ce, "To, kin faɗa da bakinki." Na kira yayana a waya in ce ya yi mata magana, tunda shi namiji ne tana jin tasa. Ya yi dariya har da tari. "Ku mata dai! Ku bari in na zo zan duba." Ya kashe wayarsa.

Na koma makaranta da baƙin ciki. Na sayi filash mai ɗaukar kaya da yawa, na sa a jaka, na ce ba gyara ba, ba komai ba, in dai kwafi bidiyon in ajiye a wuri na biyu hankalina ya kwanta. Lahadi ta zo, muka dawo daga sujada, Mama ta canza zani ta zauna a kujerar Baba kamar kullum. Na durƙusa na ce ta ba ni makulli. Ta ce a'a. Na nuna mata filash ɗin, na sa mata a hannu ta shafa, na ce wannan ɗaki ne na biyu za a yi wa Baba. Ta miƙo mini abina ta ce, "Wanda yake ciki ya ishe shi." Haka muka zauna, ita ba ta ji mijinta ba, ni ban kwafa ba, matar yayana na tsakar gida tana tsince shinkafa tana rera waƙar coci. Ban taɓa jin waƙar Ubangiji ta ba ni haushi ba sai ranar.

Abin da ya faru a tsakiyar makon, daga baya na haɗa shi. Taro ya matso, majigi na jira, matar yayana ta ga za ta ji kunyar da take tsoro. Sai ta lallaɓa Mama. Ta ce tana da ɗan ƙanen babanta a Samaru Kataf, mai shagon sa waƙoƙi da finafinai a waya, mai tsoron Allah ne, ba irin na bakin tasha ba. Ta yi wa Mama alkawari da hannu a ƙirji cewa ba za a taɓa Direba ba. Makullin da aka hana ni, ni da na ɗauki bidiyon da hannuna, aka kwance aka ba ta. Ta hau mota ta tafi ba ta gaya wa kowa ba.

Na iso gida ranar Juma'a da rana, ana gobe taro. An kafa rumfa, mata na yankan albasa a bayan gida. Tun daga ƙofa matar yayana ta tare ni da fara'a har kunne, ta ja ni falo. Ga kwamfutar a kan tebur a buɗe, sikirin na haske tar, wani hoton tsauni mai kyau a kai. "Tun jiya take kunne, anti, ko ƙiftawa ba ta yi ba," ta ce. "Kuma ba a goge kowa ba."

Tun kafin in zauna na san akwai matsala, don hoton da na sani a fuskar ba shi ba ne. Na nemi jakar da bidiyon ke ciki, babu. Na rubuta sunan da na sa masa, babu. Na buɗe ko'ina, har kwandon shara. Abin da na tarar sai gem iri-iri da finafinai cike da ita maƙil. Na ce ta kira mini ɗan'uwan nata yanzu. Ta kira tana taɓe baki, na karɓe wayar.

"Me ka yi wa kwamfutar nan?"

"Fomat na yi mata, anti. Ai shi ne maganin irin wannan. Na wanke ta tas na zuba sabo, har na ƙara maku gem da fim kyauta."

"Bidiyon da ke ciki fa?"

"Wane bidiyo? Ba wanda ya ce mini akwai bidiyo. Ita dai ta ce kar in taɓa direba, ta faɗa ta sake faɗa. Ni kuwa ban taɓa ba, dama ban cika shiga harkan direba ba. Da aka yi fomat shi da kanshi ya zauna daidai."

Na tsaya da waya a kunne ina kallon ta. Wato ta ɗauki kwamfuta tun daga Kafanchan har Samaru, ta ajiye a gaban mutum, ba ta iya buɗe baki ta ce akwai bidiyon surukina a ciki ba. Direba kawai ta yi ta nanatawa, shi kuma ya ji nasa direban. Har yau ina juya abin a raina. In ta san bambancin tun a shagon farko, to mugunta ce ta sa ta zuga Mama. In kuwa ba ta sani ba, me ya kai ta shiga sharo ba shanu? Ko ta wace hanya aka bi, ba ta fita ba.

Na naɗe kwamfutar na tare keke na koma bakin tasha. Mai gyara ya karɓa, wannan karon bakinsa a rufe. Ya haɗa ta da wata na'ura, ya daɗe yana bincike, ina tsaye a kansa na ƙi zama. Daga ƙarshe ya girgiza kai. Ya ce irin ma'ajiyar da ke cikin wannan ba ta riƙe abin da aka share, ga shi kuma an zuba kaya a kai har ta cika. "Da filash ɗin nan kawai aka kawo, madam," ya ce. Na ce masa da shi ma ya iya bakinsa, da ba mu kai nan ba. Ya buɗe baki zai amsa, na ɗauki kayana na fita.

Da na dawo na sami matar yayana a bayan gida wajen tukwane, na gaya mata abin da ta aikata, a gaban matan da ke wurin, ban rage komai ba. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta ce a yafe mata. Ina! Borin kunya ta tayar. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa ya fara kai shi shago? Ni ce? Ni gyara na nema, kuma ga shi ya gyaru." Matan suka shiga tsakani suna cewa a yi haƙuri, gobe taro, kar Mama ta ji. Garin neman gira an rasa ido, amma ni aka ce in yi shiru.

Aka yi taro. Majigi ya haska hoton Baba guda ɗaya a bango, wanda yake sanye da hular aiki, ya tsaya cak tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Da wasu suka tambayi bidiyon da aka yi ta talla, na ji matar yayana da kunnena tana cewa matsalar na'ura ce. Ta yi ta kai da kawo cikin ankonta, ana yaba mata ƙoƙari. Yayana ya iso da safe, na ja shi gefe na gaya masa. Ya share ido, ya ce abin da ya wuce ya wuce, kar in raba masa gida. Kafin baƙi su gama watsewa na ji ihun 'yan kallon ƙwallon gem na fitowa daga ɗakinsa. Ya leƙo yana cewa rabon da kwamfutar ta yi gudu haka tun tana sabuwa.

Mama ba ta tambayi komai ba ranar, hayaniya ta yi mata yawa. Washegari Lahadi ce. Muka dawo daga sujada, ta canza zani, ta zauna a kujerar Baba. Ta kira ni, karo na farko tun ranar shago da ta kira ni da murya mai taushi. Ta ce tunda an gyara, in ɗauko in kunna mata Direba.

Na ɗauko na ajiye a gabanta na buɗe. Na durƙusa na gaya mata gaskiya, da yarenmu, don kar wata kalma ta sake shiga tsakaninmu. Na ce wanda aka kai wa ya share komai, Baba ba ya ciki, ba kuma ya wani wuri. Ta matso da fuskarta kusa da sikirin, hasken ya kwanta a kan idon nan mai yana, ta daɗe a haka.

"Wannan hasken ne ya yi yawa," ta ce. "Ki sa ya yi baƙi kamar da. A baƙin ne yake magana."

Na ce, "Mama."

"Ki sa dai."

Na danna maɓallin na riƙe har ta mutu. Sikirin ya yi baƙi, fanka ta tsaya. Mama ta gyara zama, ta karkata kunne yadda ta saba, hannuwanta a kan gwiwa. Muka zauna. Ina kallon leɓenta, ta riga ta shirya amsarta tana jira a tambaye ta ruwa.

Daga kicin matar yayana ta ɗaga murya, da zaƙin nan nata. "Anti! Shinkafa zan zuba miki ko tuwo?"

Ban amsa ba, kuma har yau ban amsa ba.